Kwaɗon Gindin Randa

A tsakar gidanmu na Kontagora akwai wata randa da ta girme ni. Inna ce ta zo da ita daga garinsu Sahon Rami cikin kayan aurenta, aka binne gindinta cikin yashi a inuwar mangwaro, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin wurin a bushe ba. Randar tana tsatsafo a hankali, yashin ya yi sanyi, yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi. A nan wani kwaɗo yake zama. Ba zan rantse cewa kwaɗo ɗaya ne tun ina yarinya ba, wataƙila uba ne ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika, amma Inna ba ta taɓa yarda da wannan magana ba. A wurinta shi ne dai, baƙonta.

Inna 'yar manoma ce, ta fi yarda da kwaɗon nan a kan mai faɗin yanayi a rediyo. In bazara ta tsananta, rana tana ƙwallewa, sama fes babu ko gajimare, sai a ji ya yi wata 'yar ƙara daga gindin randa, kamar an ja tsohuwar ƙofa. Inna za ta ɗago kai daga tsintar shinkafa ta ce, "Ku kwashe shanya, baƙona ya ce ruwa na tafe." Wani lokaci ruwan ya zo. Wani lokaci kuma mu kwashe kaya da danshinsu a banza, mu zauna muna hararar sama. In bai zo ba, sai ta ce ai a Sahon Rami ya sauka, can baƙon nata yake nufi.

Ni ban taɓa sonsa ba, gaskiya. Fatarsa ƙuraje-ƙuraje, idanunsa ƙuru-ƙuru, in na je ɗiban ruwa sai ya tsaya yana kallona kamar na zo ɗaukar abin da ba nawa ba. Amma Inna in ta sha ruwa, ragowar moɗa ba ta watsa ta ko'ina sai gefensa, don haka muka tashi da sanin ba a taka shi, ba a jifarsa.

Inna ta rasu da kaka, ana tsakiyar girbi. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a cikin gari, mijina kuma yana aiki a Minna, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Da masu ta'aziyya suka watse, aka naɗe tabarmi, na duba na ga gidan ya yi wa Baba girma. Sai na kwaso kayana na dawo ɗakin Inna.

Baba mahauci ne. Ya yi fawa tun yana saurayi har gwiwa ta hana shi tsayuwa, ya bar wa waɗanda ya koya wa sana'a teburinsa, su kuma kullum da safe suna aiko masa da ƙunshin nama. Mutum ne mai doka ɗaya da ba ta lanƙwasuwa: baƙo ba a ba shi ƙashi a gidansa. Kafin a fita da kwanon baƙo zaure sai ya buɗe da kansa ya duba, in ya ga ko guntun haƙarƙari ne sai a mai da shi. Tsoka da hanta na baƙo ne, ƙashi na 'yan gida. Da haka na girma ina gwaguyar ƙashi a bayan ƙofa, ina jin wani wanda ban san daga inda ya fito ba yana gyatsa a zaurenmu. Har yau in na tuna ina ɗan jin haushi.

Bayan rasuwar Inna, Baba ya daina fita in ba masallaci ba. Ya daina zama a zaure, ya daina kunna rediyo. Wata rana da hantsi ya fito alwala, sai ya tarar agwagin maƙwabta sun shigo ta kafar ruwa sun kewaye gindin randa, wani babba a cikinsu har ya kai wa kwaɗon sara. Ban taɓa ganin Baba ya yi sauri irin na ranar ba tun da gwiwa ta kama shi. Ya kore su da buta, ya toshe kafar da dutse, ya duƙa ya ɗauki kwaɗon a tafin hannunsa.

"Uwata," ya ce da ni, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "ɗauko mini kwatarniyar nan ta uwarku."

Na ɗauko. Ya zuba jiƙaƙƙen yashi a ciki, ya sa 'yar tasa da ruwa, ya rufe da faifai, ya tura kwatarniyar bayan ƙofar ɗakinsa inda ko da rana duhu ne. Ya ce a nan babu agwagwa, babu kyanwa, babu maciji.

Sai maganar abinci. Kwaɗo ba ya cin abin da ba ya motsi, wannan Baba ya gano da kansa. Sai ya riƙa yanka hanta siri-siri da ƙaramar wuƙarsa, ya soke a tsinken tsintsiya, ya riƙa kaɗawa a gaban hancin kwaɗon yana cewa, "Bismillah, Malam." Kwaɗon ya tsaya yana kallo, sannan harshe ya fito ya koma, tsinke ya zama wayam. Ranar farko da ya karɓa, Baba ya yi dariya, dariyar farko tun da aka binne Inna. Saboda wannan dariya na haɗiye duk abin da ya zo bakina. Amma a raina na ce, wato ni da aka haifa a gidan nan ƙashi, kwaɗo kuma hanta.

Watannin da suka biyo baya ina tuna su kamar abin da na gani ta cikin labule. Nakan dawo daga makaranta bayan azahar, alli a hannu, kai yana sara, in shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Baba in kishingiɗa. Daga ciki sai in riƙa jin muryarsa ƙasa-ƙasa, yana ba kwaɗon labarin shanun da ya sani, wani bijimi fari da ya ƙi shiga mota, wata saniya da ta bi shi har gida. Barci ya riƙa ɗaukata yana saki. Muryar Baba ta haɗu da ɗigar randa da kukan kurciya a kan mangwaro, har in kasa rabe su. Wani lokaci in ga ruwa ya cika tsakar gida, garau, ba ya jiƙa komai, ganyen mangwaro yana yawo a kansa, Inna kuma tana zaune a tsakiya a kan kujerarta tana tsintar shinkafa. Sai in farka in ji ana kiran la'asar, Baba yana jan faifai yana rufe kwatarniya.

Kwaɗon ya yi ƙiba. Baba ya riƙa nuna mini shi yana alfahari, yana cewa ko a hannun uwarku bai yi wannan kyau ba. Sanyi ya zo ya wuce, mangwaro ya yi fure, zafi ya fara shigowa. Sannan abubuwa suka fara canzawa a hankali, yadda ba za ka ce ga ranar da suka fara ba. Da farko zamansa ne ya sauya, ya daina tsugunawa a kan ƙafafunsa, sai ya baje a kan yashi. In ya yi yunƙurin tsalle, ƙafafun baya su riƙa rawa. Daga baya ya fara kuskuren tsinke, ya kai harshe ya sami iska. Wata rana Baba ya kira ni ya ɗaga shi wajen hasken taga, sai na ga haɓarsa ta saki ta gefen hagu, bakin ba ya rufuwa, bakin harshe yana leƙowa. Kamar mai shirin yin murmushi ya fasa.

Baba ya ce iska ce ta buge shi. Ya yi tofi a ruwa ya yayyafa masa. Da bai ga sauƙi ba, sai ya ce ƙarfi ne ya yi masa kaɗan, ya aika a riƙa kawo ƙoda da zuciya da tsokar gadon baya, wadda ko manyan gari sai sun yi magana tun jiya suke samu. Bai san wata hanyar kula da mai rai ba sai wannan. Kwaɗon ya riƙa karɓa da ƙyar, naman yana zamewa ta gefen da ya saki. Daga nan ya daina karɓa gaba ɗaya.

Ranar da kwaɗon bai ci ba, Baba ma ba ya ci. Da farko na ɗauka dacewa ce. Sai na ga kwanon tuwo yana dawowa yadda na kai shi, miya ta daskare a kai. In na yi magana ya ce bakinsa ne babu daɗi. Rigarsa ta fara yi masa yawa, ƙasusuwan wuyansa suka fito. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce masa mutum da gemunsa fari fat ba ya yin azumi don kwaɗo. Sai ya ce, "Uwata, ga bazara ta zo, baƙon uwarku bai ce komai ba." A nan na gane abin da yake jira. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga in kwaɗon nan ya mutu a bayan ƙofa, Baba ba zai daɗe a bayansa ba.

Akwai wani likitan dabbobi da ya daɗe yana duba shanu a mahauta. Sun yi shekaru suna rigima da Baba a kan hantar da za a sayar da wadda za a zubar, har rigimar ta zama abota. Na hau mashin na je na same shi. Na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, kunya ta hana ni faɗin abin da ya kawo ni. Da na faɗa, ya yi dariya har da share hawaye. Amma ya zo da yamma, kuma da ya shiga ya ga yadda Baba ya koma, dariyar ta tsaya a ƙofa.

Suka gaisa. Baba ya jawo kwatarniya ya buɗe. Likita ya jiƙa hannunsa ya ɗauki kwaɗon, ya juya shi, ya tambayi abin da yake ci da inda yake kwana. Baba ya lissafa masa, yana ɗan ɗaga kai a wajen tsokar gadon baya.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, ni ban taɓa duba kwaɗo ba," in ji likita. "Amma na ga irin wannan a jikin 'yan kwikwiyo da kyanwa da ake ba tsoka zalla. Kawo hannunka. Kai ka fi ni sanin ƙashi. Taɓa nan."

Baba ya sa babban yatsa a ƙarƙashin haɓar kwaɗon ya ɗan danna. Na ga fuskarsa ta canza. Hannun da ya yi shekaru yana rabe gaɓa da gaɓa ba ya buƙatar a yi masa bayani.

"Guringuntsi ne," ya ce a hankali. "Babu ƙashi a nan."

Likita ya ce haka ne. Ya ce a waje kwaɗo yana cin gyare da tana da ƙwari iri-iri, da ɓawonsu da ƙasar da ke jikinsu, yana kuma samun ɗan hasken rana, daga nan yake samun abin da ke gina ƙashi. Hanta da tsoka ba su da shi. In jiki bai samu a abinci ba, sai ya koma yana cin nasa ƙashin, muƙamuƙi kuma shi ke fara nunawa. Ya ce a ƙona ƙashi a daka shi ya zama gari, a riƙa barbaɗawa a kan ƙwari ana ba shi, a kuma fitar da shi daga duhu. Ya ce muƙamuƙin ba zai miƙe ba, in Allah ya so zai dai yi ƙwari a yadda yake.

"Ƙashi," in ji Baba. "A gidana."

"Shi ne maganin, Baba."

Da likita ya tafi, Baba ya zauna a bakin gado yana kallon kwatarniya. Ya ce baƙon uwarku ne, ita ta bar shi, shi kuma iyakar abin da ya sani ke nan, a ba baƙo abin da ya fi kyau. Ya ce ta yaya zai ɗauki abin da ake jefa wa kare ya miƙa masa. Na san Baba, in na ce masa dokarsa ce ta jawo, to an gama, zai rufe faifai ya rufe bakinsa. Na tausaya masa ƙwarai, amma haushin nan nawa na ƙuruciya shi ya ba ni abin faɗa.

"Baba," na ce, "baƙon da ya riga ni zuwa gidan nan, har yanzu baƙo ne? Ya ga aurena, ya ga sunan 'ya'yan yayana, yanzu har ɗakinka yake kwana. Wannan ai ɗan gida ne. Ɗan gida kuwa ka san abin da kake ba shi. Ga ni nan, da shi na girma, ka taɓa ganin haɓata ta karkace?"

Ya dube ni. Sannan ya ce da ma bakin nan nawa ba ƙashin banza ya ci ba. Washegari ya aika mahauta a kawo masa ƙashin cinyar bijimi, ya ce kada a kawo na saniyar da ta tsufa.

Ni na ƙona shi a murhu har ya yi fari, na daka a ƙaramin turmin Inna na yaji bayan na wanke shi tas, na tankaɗe. Ni ce kuma na koma farautar gyare a bayan tukwane, da tonon tana a inda ruwan wanke-wanke ke bi, da zanen makaranta a jikina, ina roƙon Allah kada wata uwar ɗalibi ta yi sallama. Baba yana birgima su cikin garin ƙashi, ya buɗe bakin kwaɗon da gefen farcensa a hankali, ya sa masa ta gefen da bai saki ba. Da farko yana tofarwa. Daga baya ya fara haɗiyewa, yana runtse ido.

Fitar da shi waje ita ta fi yi wa Baba wuya, don agwagi suna nan. Sai ya ce shi zai yi gadi. Kullum da hantsi in fitar da kwatarniya ƙarƙashin mangwaro, inda rana ke ratsowa ta tsakanin ganye, in kawo masa kujera da sandarsa. Ya zauna. Tun da ya zauna a waje, masu kawo nama suka riƙa tsayawa gaisuwa, gaisuwa ta zama hira. Nakan ajiye kofin koko kusa da ƙafarsa in wuce, wani lokaci in dawo in tarar ya sha rabi. Tuwo dai har yanzu loma biyu yake yi ya ture.

A hankali rawar ƙafafun ta ragu. Kwaɗon ya koma tsugunawa. Wata rana Baba ya taɓa haɓar ya ce ta fara tauri, amma a karkace ta tsaya, kamar yadda likita ya faɗa. Kwaɗon ya koyi kama gyare ta gefe, sai ya juya kai kamar mai sauraron gulma sannan ya kai harshe. Da Baba ya ga haka, da kansa ya karkata kwatarniyar a gindin randa, kwaɗon ya fita ya nemi tsohon gurbinsa a cikin yashi ya zauna.

Sai dai bai yi kuka ba. Zafi ya kai inda ya kai, mangwaro yana faɗowa da kansa, hadari ya taso da yamma ya watse. Baba ya riƙa zama har rana ta juya, kunnensa yana wajen randa. Sau ɗaya ya tambaye ni ko muryar ta tafi ne tare da muƙamuƙin. Na ce ban sani ba, don ban sani ba ɗin.

Wata Asabar bayan la'asar na yi wanki na shanya, rigunan Baba da wasu zannuwan Inna da na fara ɗaurawa. Na kwanta a tabarma a inuwa, iska ba ta motsi, barci yana ɗaukata yana saki. Ruwan nan garau ya fara cika tsakar gida, ganye yana yawo a kansa. Sai na ji an ja tsohuwar ƙofa. Ƙarar ta fito a shaƙe, ta karye a tsakiya, ta sake fitowa. Na buɗe ido na ga babu ruwa, sai Baba a kan kujerarsa, ya miƙe zaune, hannunsa a kan sanda. Sama fes take, babu ko gajimare.

"Uwata," ya ce, bai dube ni ba. "Kwashe shanya. Ya ce ruwa na tafe."

Na tashi na kwashe su da danshinsu, na rungumo zannuwan Inna a ƙirjina, na tsaya a bayan igiya na ɗan yi kukana inda ba zai gani ba.

Ruwa bai zo ba ranar. Muka zauna har aka kusa kiran magariba, Baba ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce ai a Sahon Rami ya sauka. Sannan ya tambaye ni ko akwai sauran tuwon rana. Na ce akwai. Ya ce in ɗumamo masa, in sa masa ƙashi a miyar.